Shekarar da Aka Toshe wa Khal Numfashi

Jiya wata yarinya ta tsaya a bakin ɗakin aikina, waya a hannu, ta ce wai ita ma za ta fara khal, wato ruwan tsamin nan da Turawa ke kira vinegar, tunda ba komai ba ne illa a matse tuffa a ajiye ta yi tsami. Ita ce ta uku da ta faɗa min haka tun bayan Sallah. Ni ba ni da lokacin yi wa kowacce bayani ita kaɗai. Zan rubuta sau ɗaya, ku masu karanta Hausa ku karanta wa waɗanda aka haifa a nan, masu ji ba sa iya mayarwa.

Ga abin da ba mai gaya muku a kasuwa. Ruwan tuffa ba shi da hanyar zama khal sai ya ratsa ta ƙofar giya. Zaƙin ne ke fara juyewa ya zama abin maye, abin mayen kuma ya juye ya zama tsami. Duk gwanintar mai khal ita ce kada ta bar shi ya tsaya a tsakiya. A wata ƙasa in ya tsaya, asara ce kawai. A Jidda in ya tsaya aka same shi a ɗakinki, kurkuku ne da bulala, sannan tarhil, a saka ki a jirgi da kayan jikinki. Ba mai tsayawa ya saurari cewa khal kike nufi.

Na zo umara bayan na gama sakandare a Funtuwa, ban koma ba. Na sauka a Mahjar wajen yayar mahaifina, Gwaggo Habi, wadda ta daɗe tana wannan sana'a. Mijinta Baba Isuhu direba ne a wani gida a Abhur. Shi kaɗai ke da iƙama, takardar izinin zama, a cikinmu, da sunansa aka kama hayar gidan.

Aikin farko da Gwaggo ta ba ni wankin duro ne, kuma na shekara ban wuce shi ba. Duro shida ne na roba, shuɗaye, irin waɗanda ake kawo zaitun a ciki. Ba sabulu, ba bilic. Ruwan zafi da gishiri da soso, sai a kife a rana a saman bene. Da na gama na farko ta zura kai ta shinshina, ta ce in sake.

"Gwaggo, me kika ji?"

"Hannunki na ji. Man shafawarki ya riga ki shiga aikin."

Tuffar kuma ba ta kasuwa ba ce. Waɗannan jajayen masu ƙyalli da ake kawowa daga waje an shafe su da kakin zuma da magani, ko kin matse sai dai su ruɓe. Tamu daga wata 'yar gona take zuwa a duwatsun bayan Ɗa'if, bishiyoyi kaɗan hawa-hawa a jikin dutse. 'Ya'yan ƙanana ne kamar ƙwan kaza, masu tabo, tsami da zaƙi a haɗe. Cikin zafi suke nuna, kuma mai gonar yakan ajiye wa Gwaggo waɗanda 'yan kasuwa suka raina. Sau ɗaya na bi su ɗauko. A shingen hanya Baba Isuhu ya ce mu sauke niƙabi mu yi kamar masu barci. Ina jin ɗan sandan yana juya takardarsa, har ya mayar masa muka wuce. Gonar tana da kyau, iskarta da sanyi, amma ban ƙara komawa ba.

Ranar matsa tun da asuba ake farawa. A tsince masu tsutsa, a yanke ruɓa, a daka a turmi har ta zama kamar fate. A ƙunsa a farin ƙyalle, a sa tsakanin katako biyu masu kauri, a danna da jak ɗin mota. A hankali ake dannawa. In kin yi gaggawa ƙyallen ya fashe, ki kwashi fate a fuska, ni na kwasa ba sau ɗaya ba. Ruwan farko da ya sauko shi ne fitarmu ta farko a shekara, abin da muke fara sayarwa. Sabon ruwan tuffa, ranar kawai ake samunsa, kafin azahar an raba wa masu jira da kwalabensu. Wadda ta zo da yamma ba ta samu, ko akwai. A zafin Jidda ruwan da ya wuni ya fara tafiya, ba za mu sa shi a jakar kowa ba.

Sauran a zuba a duro, kada a cika. Nan da nan, kafin ya huta, a bi shi da tsohon khal na bara, a ɗora masa uwa. Uwa wani abu ne mai santsi da kauri, kamar fatar da ke kwanciya a kan kunu in ya huce. Rayayya ce, iska take shaƙa, ita ke cinye abin mayen tun yana fitowa. Shi ya sa bakin duro ƙyalle kawai ake ɗaura masa saboda ƙananan ƙudaje, taga kuma a buɗe. Ba a sayar da uwa, sai dai a ba ki. Ta Gwaggo matar mai gonar ce ta ba ta. Ba a sa ƙarfe a ciki, kuma ba a ɗanɗanawa. Fuska ake kai wa bakin duro. Ranar da idonki ya kawo ruwa, ya isa.

Fita ta biyu ita ce babba. A shekarun can Hajji cikin sanyi yake faɗowa, to gab da shi muke buɗe na bana. Matan Abhur masu son rage teɓa su aiko direbobi, tsofaffi masu suga su zo da kansu, alhazai su saya tsaraba. Akwai wata Hajiya 'yar Maraɗi da kowace shekara sai ta ce na bara ya fi, kuma kowace shekara ita ce farkon zuwa. Gwaggo takan ce mata, "To ki koma bara ki saya."

Yanzu ga shekarar da nake son ku ji.

Mun gama matsa, mun ɗaura ƙyalle, sai 'yar Gwaggo da ke aure a can arewacin gari ta haihu. A wannan gaɓar duro ba ya buƙatar komai sai a ƙyale shi, don haka Gwaggo ta tafi wankan jego ta ɗauke ni in taya ta. Muka bar wa Baba Isuhu gida. Abu ɗaya ta ce masa, kada ya taɓa komai. Mun yi kusan wata.

Da muka dawo, tun a matattakala ban ji komai ba, shi ya fara ba ni tsoro. A irin wannan lokaci warin ɗakin khal ya kamata ya tarbe ki tun daga ƙasa. Gwaggo ta tsaya a falo da jaka a hannu.

"Alhaji, ina warin?"

"Na yi maganinsa."

Wai wani sabon ɗan haya ne ya tare a sama, mutum mai yawan tambaya. Ya tare Baba Isuhu a matattakala ya ce me ake dafawa a gidan nan mai warin ruɓaɓɓen dabino. Baba ya kasa sukuni. Ya hau bene ya kwaso murafen duron da muka yasar, ya rufe kowanne, ya bi da salatif, ya ja taga.

"Da na ga suna kumbura," in ji shi, "kullum da safe sai in ɗan sassauta su yi gyatsa, in mayar."

Gwaggo ta zauna a ƙasa, ba ta ko nemi tabarma ba.

"Alhaji, wa ya koya maka?"

"Koya me?"

"Abin da ka yi, da shi masu giya ke cin abinci."

Ni ta sa na yanke salatif ɗin na farko. Murfin ya yi huci. Ban taɓa jin warin giya ba a rayuwata, amma ba sai an gaya min ba. Ruwan ya tace garau, launin zuma, ba kumfa. Uwar ta nutse can ƙasa ta yi baƙi. Duka shidan haka. Baba Isuhu ya dafa bango yana salati.

Ya ce a zubar. Gwaggo ta ce ina? Ruwan gidanmu rami yake shiga a bakin ƙofa, ramin kuma kullum a cike yake yana tumbatsa cikin lungu kafin mota ta zo ta zuƙe. Duro ɗaya ya isa ya sanar da unguwa. Ya ce to ya ɗauka a mota ya kai daji. Ta ce motar kafilinka, ubangidan da kake wa tuƙi, da shinge a hanya, kai da muryarka ke rawa in an ce maka sannu?

"Baya ta rufe," in ji Gwaggo. "Sai gaba. A buɗe su duka, a buɗe taga, a nemo uwa."

Buɗewa na nufin warin da Baba ya gudar wa zai fita ninki biyu, kuma wannan karon warin gaskiya ne. Gwaggo ta sauko da kwandon daddawa da busasshen kifin da aka kawo mata tsaraba. Daga ranar tukunya ba ta sauka ba. Mu soya daddawa da safe, mu ƙona kan kifi da rana, mu bar ƙofar kicin a buɗe. Mutumin sama ya riƙa buga ƙafa yana zagin Takari da girkinsu. Duk zagin da ya yi Gwaggo sai ta ce alhamdu lillahi, hancinsa na inda muke so.

Neman uwa ni aka aika. Mutum ɗaya Gwaggo ta sani mai rayayyiyar uwa a kusa, Ammu Salim, wani tsoho ɗan Hadramaut mai shagon turare da magunguna a Balad, yana yin khal na dabino a bayan shagonsa. Matsalar ita ce duk wanda ya san aikin ya san abin da ke sa a nemi uwa a tsakiyar shekara. Roƙon kansa tonon asiri ne. Na tsaya da bokitina ina juya ƙwaryar habbatus sauda har shagon ya watse, sannan na faɗa masa.

"Uwa yanzu, ya binti?"

"Tamu ta mutu."

"Uwa ba ta mutuwa, kashe ta ake yi. Duro nawa?"

Na sunkuyar da kai.

"Halas, kada ki faɗa. Abin da ban ji ba, ba za a tambaye ni shi ba."

Ya shiga ciki ya daɗe. Ina tsaye ina kallon titi, ina tunanin ko waya ya shiga bugawa, ina auna lungun da zan bi. Sai ga shi da bokitin a cike, ya rufe da tsumma. Ya ce in gaya wa Hajja bai gan ni ba. A tasi na matse bokitin tsakanin ƙafafuna. Direban ya ce mene ne wannan mai hawa kai, na ce khal ne. Gaskiya na faɗa, amma duk da haka tun kafin layinmu na sauka na ƙarasa a ƙafa.

Muka raba uwar a duron shida, sai jira. Ku da kuke cewa a ajiye kawai, ban san ko kun taɓa ajiye abin da zai iya ɗaure mutum uku ba. Gwaggo ta sa na ajiye abayata da takalmina a bakin ƙofar bene, ta ce in an buga ƙofa da ƙarfi kada in jira ta, in haura in tsallaka gidan maƙwabta. Mai kawo gas ya buga, na kai rabin matattakala. Yara suka jefo ƙwallo, na kai. Baba Isuhu ya rame, wandonsa har yana zamewa. Kullum in ya dawo aiki sai ya tsaya daga bakin layi ya leƙa ko akwai baƙuwar mota a ƙofarmu. A cikin kwanakin nan ne Gwaggo ta ce min ko ya juya ya zama khal ba za ta sayar ba.

"Ni ba malama ba ce. Na ji masu cewa ya halatta, na ji masu cewa a'a. Abin da na sani, ban taɓa zuba wa mutum a abinci abin da ya zauna yana giya a ɗakina ba."

"To wahalar me muke yi?"

"Wahalar kada a same shi yadda yake. Juya min daddawar nan."

Sannu a hankali biyar suka yi fata a sama, warinsu ya fara yaji. Na shida, wanda ke kusurwa nesa da taga, ya ƙi. Uwar da muka sa masa ta nutse.

Ranar wata Litinin bayan la'asar aka ƙwanƙwasa a hankali, shi ya sa ban gudu ba. Abu Majid ne, mai gidan da muke haya, dattijo mai sanda. Ya ce mutumin sama ya dame shi da ƙorafi, ya zo ya gani da idonsa. Baba Isuhu na wurin aiki a Abhur. Gwaggo ta ja mayafi ta ce bismillah. Bai kalli kicin ba, kai tsaye ya bi hancinsa zuwa ɗakin baya.

Ta ɗaga ƙyallen na farko. Ya sunkuya, ya ɗago yana tari, ido jawur.

"Khal," in ji shi.

"Khal, ya Abu Majid."

Na biyu, na uku, har na biyar. Gwaggo ta tsaya nan, ta fara yi masa zancen famfon da ke ɗiga. Ya zagaye ta, ya sa bakin sandarsa ya ɗage ƙyallen na shida da kansa. Ya sunkuya. Bai yi tari ba. Ina bakin ƙofa, ƙafata ɗaya ta riga ta juya wajen bene, amma ta ƙi ɗaguwa.

"Wannan fa, ya Hajja?"

"Wannan bai isa ba."

"Yaushe zai isa?"

"Allah ne masani."

Ya mayar da ƙyallen, har ya gyara masa zama.

"Ran Juma'a bayan masallaci zan dawo da ɗana ya duba famfon. Hancinsa ya fi nawa ƙuruciya. Kuma shi ba ya barin magana a cikinsa."

Yana fita Gwaggo ta ce in kwaso duk wani abu mai faɗi a gidan. Baho, roba ta wanki, farantan tangaran, har bahon wankan jariri da muka dawo da shi. Dabarar ita ce a raba duro na shida a cakuɗa da masu ƙarfin, a shimfiɗa shi ya sha iska ta ko'ina. Haɗarin kuma a fili yake. In bai ci ba, maimakon duro ɗaya mai warin giya, gidan gaba ɗaya ne zai ɗauka. Na faɗa mata haka. Ta ce in ina da wata dabarar in kawo, in babu in ɗauko ludayi.

Muka jera su har falo, muka kunna fanka a kansu. Aikina in ɗebo da ludayin roba in ɗaga sama in tsiyayo, baho bayan baho, in na kai ƙarshe in dawo farko. Kafaɗata ta kumbura, fatar yatsuna ta yi fari ta fara saɓulewa. Ran Talata falon ya yi warin da ko daddawa ta kasa rufewa, Baba Isuhu ya ƙi shigowa, ya zauna a matattakala da carbi. Ran Laraba ba bambanci. Ran Alhamis da hantsi na kai fuska bakin bahon wanki na ji wani abu ya ɗan tsikare ni a hanci. Ban yarda da kaina ba, na kira Gwaggo. Ta shinshina ta ce in ci gaba da tsiyaya, kada in yi mata surutu.

Da safiyar Juma'a muka mayar da komai cikin duro, muka wanke bahunan, muka ɗaura ƙyalle. Ko a lokacin ni ina jin wani ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarƙashin yajin. Ko yana nan da gaske, ko tsoro ne ya zauna min a hanci, har yau ban sani ba.

Suka zo. Majid, ɗan nasa, dogo ne, ba ya murmushi, famfon ma bai tambayi inda yake ba. Ya bi duron ɗaya bayan ɗaya, uban na tsaye a bayansa, Baba Isuhu na jingine da ƙofa. A na kusurwa ya fi daɗewa. Ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Sai ya ja da baya yana murza ido da gefen ƙyallen da ke kansa.

"Wannan ai sai ya makantar da mutum." Ya juya wajen Gwaggo. "Zuba min kwalba ɗaya, matata na nema."

Na ji Baba ya saki numfashi. Ni ma har na juya neman kwalba.

"Na bana ba na ci ba ne," in ji Gwaggo.

"Saboda me?"

"Bai yi yadda nake so ba. Na wanke tayil ne."

Majid ya kalle ta, ya kalli duron, ya buɗe baki zai sake tambaya. Uban ya taɓa shi da sanda.

"Mai abu ta ce bai yi ba. Yalla."

Baba ya raka su. A matattakala Abu Majid ya bar ɗansa ya yi gaba, ya rage murya, amma ina jin sa daga sama.

"Ya Yusuf, kai mutumin kirki ne. In shekarar hayarku ta cika ku nemi wani wuri."

Gab da Hajji masu kwalabe suka zo kamar kullum, muka sallame su hannu wofi. Hajiya 'yar Maraɗi ta zauna ta ce ba za ta tashi ba sai an gaya mata dalili. Gwaggo ta ba ta shayi, ta sha, ta gaji ta tafi. Wasu ba su ƙara dawowa ba. Da muka samu wani gidan a ƙarshen unguwa, Gwaggo ta hana a ɗauki duron da abin da ke ciki. Ta raba mana tsumma, ni da ita da Baba Isuhu. Tun daga saman bene har bakin titi, bango da tayil da matattakala, har ƙofar mutumin sama, da shi muka wanke wa Abu Majid gidansa tas, sannan Baba ya kai masa makulli.